Mama Direba da Tiren Shayi

Shekara huɗu Auta ta yi a gidan talabijin ɗin nan, kuma in ka tambayi mai gadi mene ne aikinta, zai ce maka ita ce mai tarbo baƙi daga ƙofa. Bai yi ƙarya ba. Duk wanda aka gayyata shirin safe na Asabar, ita ke shigo da shi, ta ba shi ruwa, ta nuna masa banɗaki, ta lallashe shi in ya fara gumi, har abokan aiki suka laƙaba mata 'Yar Ƙofa. A gida kuwa, babanta, wanda tela ne, duk Asabar sai ya rufe keken ɗinki ya zauna gaban talabijin tun daga farkon shirin har ƙarshe, in ta dawo ya ce, "To, yau ma ban gan ki ba." Ta yi bayani har ta gaji cewa akwai masu aiki a bayan kyamara. Sai ya gyaɗa kai kawai, irin gyaɗawar da ake yi wa yaron da ya ce ya ga zaki a hanyar makaranta.

Sai ga dama ta faɗo. Darakta, wata mace marar wasa da ke tafiyar da shirin daga ɗakin gilashi a saman situdiyo, ta ba ta minti goma sha biyu, kai tsaye, da hutun talla a tsakiya.

"Ki kawo baƙonki, ki tsara abinki," in ji ta. "In ya yi kyau, filin naki ne duk Asabar. In ya lalace, mu mayar da waƙoƙin da muke sawa, ke kuma ki koma ƙofa. Ba na maimaita magana."

Auta kuwa tana da baƙuwa, kuma wace irin baƙuwa! Mama Direba ake ce mata, tsohuwar da ta shekara talatin da ɗaya tana tuƙa bas ɗin 'yan makaranta. Shekaru ashirin da suka wuce birki ya tsinke mata a kan babban gangaren da ke sauka kasuwa, da yara arba'in da ɗaya a cikin motar, ta tsayar da ita ba wanda ya yi ko ƙwarzane. 'Yan jarida sun yi ta zarya a lokacin, ta kore su duka. Wata uku Auta ta yi tana zuwa gidanta, tana taya ta shanya, tana shan shayinta mai ɗan karen zaƙi, kafin rannan tsohuwar ta ce, "Ke dai kin fiye naci. To, zan zo."

Ranar Asabar ɗin Auta ta tashi cike da murna. Garin sauri ma maɗaurin takalminta na hagu ya tsinke a bakin ƙofa. Babanta ya karɓa ya ɗinke da zaren da ya tarar a allura, ja wur, a kan baƙin takalmi.

"Baba, ja fa!"

"Wa zai gani? Ba kin ce ke a baya kike ba?"

Ƙarfe takwas ta shigo da Mama Direba ɗakin kwalliya. Tsohuwar ta dubi kujerar kushin ta yi tsaki, ta jawo wata kujerar katako da ake ɗora jakunkuna a kai ta zauna, wai bayanta bai san laushi ba. Anti Mai Kwalliya, wadda bakinta ba ya hutawa, tana shafa mata hoda tana jan ta da hira.

"Ni kuwa Mama, da gaske ne wai birkin gaba ɗaya ya tafi?"

Shi ke nan. Mama ta miƙa hannu ta kwashe kofuna daga kan tiren shayi, wani zagayayyen tire na ƙarfe, ta riƙe shi da hannu biyu a gaban ƙirjinta, ya zama sitiyari. Ta fara. Awarwaronta na ƙara, ƙafarta na taka birkin da babu shi, tana murza tire tana kwaikwayon kukan inji. Anti ta tsaya da soson hoda a sama, hawaye na ɓata mata tata kwalliyar. Auta kuwa kamar ta yi tsalle ta taɓo silin. Zuciyarta sai faɗi take, wallahi filin nan ya zama nawa, yau mutane za su manta da abin da suka ɗora a wuta!

To, a nan ta yi kuskure, kuma kuskure ne da ta fi kowa sani. Ba a barin baƙo ya zazzage labarinsa a ɗakin jira. Sau nawa ita da kanta ta karkatar da baƙin wasu zuwa zancen cunkoson hanya don kada su ɓarar da abin da aka kira su dominsa? Amma yau baƙuwar tata ce, daɗi ya kwashe ta, ta tsaya baki buɗe har Mama ta kai ƙarshe ta ajiye tire ta ce, "To, kun ji yadda aka yi."

A situdiyo aka zaunar da tsohuwar cikin wata ƙatuwar kujerar kushin, ta nutse har gwiwoyinta suka kusa kai haɓarta. Baba Mai Sauti, dattijon da ya fi kowa daɗewa a gidan kuma ya fi kowa mita, ya maƙala mata makirfo a wuyan riga, ya saurara a na'urar kunnensa, ya yamutsa fuska.

"Mama, don Allah hannun nan a ɗora shi a cinya. Kada a motsa shi."

"To," in ji Mama. Mace ce da ta shekara talatin da ɗaya tana bin dokar hanya, in an ce tsaya, tsayawa take.

Sannan mai gabatarwa ya shigo, wanda a bayan idonsa ake kira Ɗan Gayu, a gabansa kuwa Yallaɓai. Shekara ashirin yana fitowa a talabijin, kuma abin alfaharinsa a duniya shi ne bai taɓa yin tuntuɓen harshe a gaban kyamara ba. Ya gaida Mama ba tare da ya kalle ta ba, ya jera katunan tambayoyinsa, ya gyara zaman agogo. Auta ta tsaya bayan kyamara ta biyu da na'ura a kunne, muryar Darakta na ƙirga mata, uku, biyu, ɗaya. Jar fitila ta kama.

"Mama, barka da zuwa. Ki gaya wa masu kallonmu, yaya kika ji a wannan rana mai cike da tarihi?"

"Alhamdulillahi."

Ɗan Gayu ya jira. Babu ƙari. Ya juya kati.

"Da birkin ya tsinke, me ya faru?"

"Allah ne ya kiyaye."

"Ko za ki ɗan faɗaɗa mana?"

Mama ta leƙa bayan kyamara, ta nuna Auta da haɓa, tunda an hana ta motsa hannu.

"Ai na gaya wa 'yar nan ɗazu. Duk na gaya mata."

Wayyo! Minti shida aka yi a haka, shi yana juya kati, ita tana "haka ne" da "ƙwarai", har Ɗan Gayu ya koma ba da labarin yadda shi ma yake son yara. Mai kyamara ta ɗaya ya yi hamma. Da aka tafi talla, muryar Darakta ta sauko cikin kunnen Auta a sanyaye.

"'Yar Ƙofa, wannan ce baƙuwar da kika cika mu da zancenta? In an dawo zan sa waƙa."

Auta ta dubi agogon bango. Minti uku ne hutun. Abin da shekara huɗu a ƙofa ta koya mata kuwa shi ne kowane mutum a gidan nan da ƙofar da ake shiga masa. Darakta ba ta jin magiya, in ka ce mata don Allah ma ƙara fusata take. Abin da take ji shi ne wace kyamara, a kan me, na tsawon nawa.

"Kyamara ta biyu a kan hannun Mama, ta ɗaya a fuskar Yallaɓai," in ji Auta. "Ki ba ni minti ɗaya bayan talla. In ba ta buɗe baki ba, ki sa waƙarki, ni da ƙafata zan koma ƙofa."

Darakta ta ce, "Minti ɗaya."

Auta ta zabura. Ta leƙa ƙofa ta ƙwala wa Anti kira, "Anti, kujerar katakon nan da tiren shayi, da gudu, don girman Allah!" Ta juyo wajen Baba Mai Sauti. Shi kuwa in ka kuskura ka ce masa ya yi ba daidai ba, to kun ɓata har shekara ta zagayo, kuma muryarka za ta riƙa fita kamar daga cikin tulu. Sai ta ɗan rusuna.

"Baba, kai ka san abin nan, ni ban sani ba. Hannun ne ke ɓata maka sauti, ko awarwaron?"

"Awarwaron mana! Ƙarfe kusa da makirfo? Ai kunnena za su fasa."

"In babu su fa?"

"In babu su ta yi dambe ma, ina ruwana."

"Allah ya bar mana kai, Baba. Ka ɗan kashe min makirfon Yallaɓai, zan yi masa magana."

Dattijon ya dube ta ta saman tabarau, ya latse maɓalli. Auta ta durƙusa gaban Mama, ta zare mata awarwaro guda shida ta zura a nata hannun, Anti kuma ta iso da kujera tana haki. Suka ciro tsohuwar daga cikin kushin, aka ja shi gefe, aka ajiye tire a kan tebur kusa da hannunta kamar an manta da shi ne.

"Yauwa," in ji Mama, tana gyara zama a kan katako. "Wancan ai rami ne, ba kujera ba."

"Mama, hannunki naki ne yanzu. Kuma ki yi haƙuri da Yallaɓai, shi bai ji labarin ba."

Saura minti ɗaya da rabi, kuma saura babban aikin. Dabarar a gida Auta ta koyo ta. Babanta mutum ne da zai wuni bai yi magana goma ba, amma ka riƙe almakashi a karkace a gabansa, sai ka sha bayani har shayinka ya huce. Mama ma haka take. Rannan a gidanta Auta ta taɓa cewa a mota giya ta ɗaya ita ce ta yin gudu, ta sha lacca ta rabin awa. Mama ba za ta maimaita labari don a yabe ta ba, wannan a wurinta cika baki ne. Amma a yi wa tuƙi ƙarya a gabanta ta yi shiru? Haba!

Ta matsa kusa da Ɗan Gayu, ta juya wa sauran mutane baya don kada a ga fuskarsa, ta yi ƙasa da murya.

"Yallaɓai, alfarma nake nema. Ina so ka yi kuskure."

"Na yi me?"

"Ka ce mata ai abin mai sauƙi ne, birkin hannu ta ja mota ta tsaya."

"Ni? A gaban mutane? Ke, kin san shekarata nawa a kujerar nan?"

"Ashirin, Yallaɓai, shi ya sa na zo wurinka. Sabon shiga in ya faɗa, za a ce jahilci ne. Kai in ka faɗa, duk wanda ke ɗakin nan ya san da gangan ne."

"Na gida fa?"

Ta ga cewa in ta yi masa daɗin baki a nan zai gane, don shi ma gwanin abin ne. "Na gida za su yi maka dariya, ba zan ɓoye maka ba. Na minti ɗaya. Amma shekara ashirin matar nan tana korar 'yan jarida, kuma a gabanka za ta buɗe baki."

Ya dube ta, karo na farko a shekara huɗu da ya dube ta sosai.

"Saura daƙiƙa ashirin," in ji Darakta a kunnenta.

A nan ne Mama ta motsa, kujerar ta yi ƙwas, ta sake motsawa, ƙwas. Ƙafa ɗaya ta fi sauran gajarta! Baba Mai Sauti ya dafe kai. Auta ta waiga neman abin tokarawa, ba ta ga komai ba sai katunan Ɗan Gayu. Ta sure su duka, ta ninke, ta faɗa ƙasa tana cusa su a ƙarƙashin ƙafar kujera.

"Biyar, huɗu… 'Yar Ƙofa, kina cikin hoto! Kwanta!"

Ta mirgina bayan ƙatuwar tukunyar fulawar da ke gefen Mama, ta dunƙule, hannu ɗaya riƙe da ƙafar kujera. Sai a lokacin ta tuna awarwaro shida na hannunta. In ta motsa ko kaɗan, duk masu kallo za su ji. Jar fitila ta kama.

Ɗan Gayu ya dubi teburinsa, ba kati ko ɗaya. Ya yi gyaran murya. Auta ta runtse ido tana addu'a.

"Mama," in ji shi, da murmushin nan nasa na wanda ya san komai, "ni yadda na fahimta, abin ai mai sauƙi ne. Birki ya tsinke, kika ja birkin hannu, mota ta tsaya cak."

Mama ta juyo a hankali.

"Birkin me?"

"Na hannu."

"Ɗan nan, ka taɓa tura ko baro kuwa?"

Mai kyamara ta ɗaya ya toshe baki, kafaɗunsa na rawa.

"A gangare, da gudu, da yara arba'in da ɗaya, ka fizgi birkin hannu? Ai bayan motar ne zai zagayo ya gaishe ka! Kai, jawo kujerarka. Zauna nan bayana, ka ga yadda ake yi."

Wallahi sai ga Ɗan Gayu, da kwat ɗinsa da agogonsa, yana jan kujera kamar ɗan aji ɗaya. Hannun Mama ya kai kan tire da kansa.

"Ina giya ta huɗu. Na taka birki, ƙafata ta tafi har ƙasa kamar na taka tsumma. Na buga, na sake bugawa, babu! Ga kasuwa can ƙasa, cike maƙil. Na ce, yara, wasa za mu yi, kowa ya kama kujerar gabansa ya sunkuya, ku ƙirgo min daga ɗari zuwa ɗaya, wanda ya ɗaga kai ya faɗi. Kai ma sunkuya!"

Ɗan Gayu ya sunkuya.

"Na taka kuloci, na ba ta wuta, na cusa ta uku. Inji ya yi kuka, wuuu! Na nemi ta biyu, ta ƙi. Na sake, ta tofo min ita. Yara suna saba'in da takwas, saba'in da bakwai. Na ce ke giyar nan, yau ko ni ko ke!"

A kunnen Auta, Darakta ta manta da sanyin muryarta. "Ta biyu, matsa kan hannun! Matsa! Kada wanda ya taɓa min waƙar nan!" Auta na dunƙule a ƙasa, ƙafarta ta yi tsami, hannunta ya sandare, amma murna kamar ta fasa mata ƙirji. Ta ciji gefen mayafinta don kada ihu ya kuɓuce mata.

Mama ta shigar da giya ta biyu, ta goga gefen bas a jikin katangar hanya, ta hango tulin yashin wasu magina a dama, ta murza tire har ƙarshe. "Buf! Muka nutse a yashi. Yara suna sha ɗaya, goma, tara, ba su ma san an tsaya ba. Na bar su suka kai ɗaya."

Ɗan Gayu ya ɗago kai. Ba shi da kati, don haka ya yi tambayar da ta zo masa a rai.

"Mama, naki fa? Akwai ɗanki a ciki?"

Mama ta sauke tiren a kan cinyarta.

"Babu. Kullum yana ciki, a kujerar bayana, inda kake ɗin nan. Rannan kaɗai ya kwana da zazzaɓi na bar shi a gida." Ta shafa bakin tire da yatsa. "Abin da na tuna ke nan a gangaren. Na ce in yaran mutane suka tafi, nawa yana kwance a gida lafiya, da wane ido zan kalli iyayensu? Shi ya sa ba na son ana cewa na yi jarumta. Kunya na ji tsoro, ɗan nan, ba mutuwa ba."

Wannan ba ta faɗe shi a ɗakin kwalliya ba. A wata ukun da Auta ta yi tana shan shayinta ma ba ta taɓa faɗa ba. Hawaye ya gangaro wa Auta har cikin kunne, kuma ba halin sharewa saboda awarwaro.

Da jar fitila ta mutu, ɗakin ya kaure da tafi. Baba Mai Sauti da kansa ya miƙa wa Auta hannu ya tashe ta, yana mitar cewa ƙarar tiren ta kusa kashe shi. Ɗan Gayu ya tsugunna ya zaro katunansa daga ƙarƙashin kujera, ya dube su, ya jefa a kwandon shara. Sai ga Darakta ta sauko daga ɗakin gilashi, abin da ba ta taɓa yi ba in ba gobara ake ba. Ba ta yi murmushi ba.

"Furodusa," in ji ta, "wa za ki kawo min Asabar mai zuwa? Ina son sunan ranar Litinin."

Auta ba ta gama jin daɗin an kira ta mai shirya shiri ba wayarta ta yi ƙara. Babanta ne.

"Auta, yau na gan ki."

"Baba, ai ban fito ba."

"Takalminki na hagu, a gindin tukunyar fulawa, minti shida cur. Ni na ɗinke shi da jan zare, zan kasa gane ɗinkina?" Ta ji hayaniyar mutane a bayansa. "Na kira maƙwabta duk sun gani. Na ce musu ku bar kallon mai kwat ɗin, ku dubi ƙasa, ga tawa can, ita ce ta riƙe kujerar."

Auta ta kai hannu ta share fuska, awarwaro shida suka kaure da ƙara gaba ɗaya.

"Ke 'yar nan," in ji Mama Direba daga kan kujerarta, "in kin gama kukan, a ba ni kayana."